Muhawara: musiba da masifa kalma ɗaya ce ko biyu, kuma daga ina "wahala" ta zo?

Tafinta, Bur Sudan: Assalamu alaikum malamai da iyaye. Akwai sanarwar lafiya ta Larabci a nan Sudan da ake son mayarwa Hausa saboda tsofaffinmu da Larabcin takarda ke yi musu nauyi. A cikinta akwai musiba, karisa, waba'u da isaba. Matsalar ita ce idan aka rubuta "masifa", wasu na jin kamar faɗa ake nufi, idan aka rubuta "musiba", wasu na cewa ai wannan Larabci ne. Shin kalma ɗaya ce ko biyu? Ina ne kuma gurbin bala'i da wahala?

Malam Na-Madani: Wa alaikumus salam. Asali ɗaya ne, amma a Hausa sun zama biyu, kuma duka biyun Hausa ne yanzu. Bari mu fara daga sarfu, wato ilimin ginin kalma. Tushen haruffa uku ne: sadi, wawu, ba'u. Aikatau shi ne asaba, yusibu, isabatan, ma'ana ya samu, ya dace da abin da aka nufa, yadda kibiya ke samun abin da aka harba. Mai aikatawa musib, ta mace musiba. Wato kalmar ba ta ce "mugun abu" ba, cewa ta yi "mai samu". Siffar farko muswiba ce. Aka ɗauke kisirar wawu aka ɗora wa sadi, wawu ya rage da ɗauri bayan kisira, sai ya juye ya'u. Abin da ya faru da muƙim daga ƙ-w-m ke nan. Jam'in da aka sani masa'ib ne, duk da malaman nahawu sun ce ƙiyasi masawib ne tunda wawun na asali ne.

Daga wannan tushe ne sawab ya fito, wato daidai, domin wanda ya faɗi daidai ya sami abin da ya hara. Haka sayyib, ruwan sama mai zubowa, wanda ke cikin addu'ar da ake yi idan an ga ruwa: Allahumma sayyiban nafi'an. Ka ga ruwan damina da mutuwa gida ɗaya suka fito a Larabci, dukansu saukowa suke yi su sami mutum.

Alaramma, Gadarif: Malam ya yi daidai. Kalmar musiba ta zo sau 10 a Alƙur'ani: Baƙara 156, Ali Imrana 165, Nisa'i 62 da 72, Ma'ida 106, Tauba 50, Ƙasas 47, Shura 30, Hadid 22, Tagabun 11. Wannan ƙirgen ayoyi na Kufa ne, na bugun Hafs. Mai duba bugun Warshu zai ga lambar ta ɗan gusa, misali ta Baƙara ta ja baya da ɗaya, kada ya ɗauka an yi kure.

Abin lura shi ne aikatau asaba yana tafiya da alheri da sharri duka. Nisa'i 79 ta yi amfani da shi ga hasana da sayyi'a. Amma sunan musiba ya keɓanta ga abin ƙi. Tauba 50 ta fi fito da shi fili, don ta ajiye hasana a gefe ɗaya, musiba a ɗaya gefen. Kuma ba a yi mata iyaka da girma ba. Ma'ida 106 ta kira mutuwa musiba, hadisin Bukhari da Muslim kuma ya sauko har ƙayar da ta soki Musulmi ya ce kankarar zunubi ce.

Ɗalibar harshe, Sinnar: Allah gafarta malamai, in an yarda in ƙara ɓangaren Hausar. Kalmomin Larabci ba rana ɗaya suka shigo ba. Tun 1947 masanin harshe Greenberg ya raba su gida biyu: waɗanda suka shigo da dadewa ta bakin fatake da maƙwabta, harshe ya tauna su ya sauya musu kama, da waɗanda suka shigo ta allo da littafi, malamai suka tsare lafazinsu. Shi ya sa muke da tagwaye:

hisabi da lissafi, duka daga hisab
mas'ala da matsala
musiba da masifa

Na farko a kowane layi na zaure ne, na biyu na kasuwa. Kuma ku duba yadda ma'ana ta rabu. Hisabi na ranar Alƙiyama ne, lissafi na ɗan tireda. Mas'ala ta fiƙihu ce, matsala ta famfo da lantarki. Juyewar b zuwa f ba baƙon abu ba ne: alkitab ya zama littafi, aljaib ya zama aljifu ko aljihu, alhisab ya zama lissafi. Dalili shi ne f ɗin Bahaushe da leɓɓa biyu ake yin sa, ba da haƙori da leɓe ba kamar fa'un Balarabe, saboda haka mafitarsa ɗaya da b.

Tafinta, Bur Sudan: To iftila'i da ake ji a rediyo fa? Shi ma b ne ya koma f.

Ɗalibar harshe, Sinnar: Yaya, wannan hanyarsa daban ce. A ibtila'i b ɗin yana manne da t, babu wasali a tsakani, sai t ya ja shi. Irin abka da afka ne, ko tabka da tafka. Wannan yana faruwa har yau a bakin kowa. Amma a masifa da littafi b ɗin tsakanin wasula yake, kuma wannan sauyin ya tsaya: sababi, azaba da uƙuba duk sun riƙe b ɗinsu. Shi ne shaidar cewa masifa tsohuwar shiga ce.

Hajiya Inna, Kasala: 'Yata kin yi bayani, sai dai abin da zai amfani Tafinta shi ne yadda ake faɗi, ba yadda aka samo ba. Musiba a bakin Bahaushe abu ne da ya sauko daga Allah: rasuwa, gobara, ambaliya, yaƙi. Ba a cewa "ta yi wa mijinta musiba". Masifa kuwa ƙafa biyu gare ta. Ana cewa masifa ta auka wa gari, ana kuma cewa ta tashe shi da masifa tun asuba. Daga nan aka sami masifaffe, masifaffiya, masifaffu. Babu wanda ya taɓa jin "musibabbe". Sannan ga ta uku ta samari: masifar kyau, masifar tsada, yana masifar son ta.

Saboda haka a takardar ta'aziyya ko sanarwar masallaci, musiba za a sa. Wanda ya rubuta wa mai takaba "Allah ya ba ki haƙurin wannan masifa" bai yi saɓo ba, amma kunne zai ƙi shi, kuma in akwai kishiya a gidan sai an yi fassarar da bai nufa ba.

Malam Na-Madani: Hajiya ta taɓo wani abu da ya wuce masifa kaɗai. Kusan duk kalmar jarrabawa da Hausa ta ara sai ta sauke ta daga sama ta ɗora wa ɗan Adam. Fitina a Larabci daga narka zinariya a wuta ne don a raba ta da gurɓi, a Hausa ta haifi fitinanne, yaron da ba ya barin kowa ya huta. Jarraba gwaji ne, ta haifi jaraba da jarababbe. Sababi dalili ne, amma "tana ta sababi" ɗaga murya ne. Bala'i ma haka: "kada ka ja mini bala'i", "bala'in zafi". Ko tsiya, wadda talauci ce, ta bi wannan hanya: ya yi masa tsiya.

Baffa, Damazin: Malam wannan ba Bahaushe kaɗai ba ne. Larabawan nan ma in yaro ya cika wayo da ɓarna cewa suke alwalad da musiba, wato yaron nan musiba ne. Suna kuma cewa balwa, dangin bala'i.

Malam Na-Madani: Haka ne Baffa. Bambancin shi ne su kalma ɗaya suke ja ta yi aiki biyu, mu kuma muna da biyu, kowace da aikinta. Nan ne yaranmu da suka tashi da Larabci ke zamewa. Suna jin musiba a bakin maƙwabci da ma'anar shaƙiyyi, sai su kawo ta Hausa haka, alhali gurbin na masifaffe ne ko fitinanne.

Alaramma, Gadarif: Kan bala'i ina da gyara ga masu fassarar huɗuba, domin nan ne kuskure ya fi yawa kuma ya fi nauyi. Tushensa ba'u, lamun, wawu, ma'anarsa gwaji. Malamin lugga Ragib Al-Asfahani ya haɗa shi da baliya, tufa ta tsufa ta sule, kamar gwaji yana cin mutum ne yadda yawan sawa ke cin riga. Gwajin kuwa da daɗi da wuya ake yin sa. Anbiya'i 35 ta ce da sharri da alheri. A'arafi 168 ta ce da kyawawa da munana. Anfali 17 ma cewa ta yi bala'an hasanan, kuma ni'imar nasarar Badar ake nufi. Mai fassarar da ya ce "bala'i mai kyau" ya rikita masallaci, domin a Hausa bala'i ba ya kyau. A wurin sai a ce baiwa ko kyakkyawar jarrabawa. Haka a Saffati 106, kan umarnin yanka da aka yi wa Annabi Ibrahim, albala'ul mubin jarrabawa ce bayyananna. A ce "bala'i" a nan rashin ladabi ne.

Na biyu, kada a mayar da musiba "azaba" ko "uƙuba". Shura 30 ta danganta musiba da abin da hannaye suka aikata, Hadid 22 ta ce tana rubuce tun kafin a halicce ta, hadisin Bukhari kuma ya ce wanda Allah ya nufe shi da alheri yakan shafe shi da ita. Wanda ya ce uƙuba ya yanke hukuncin da kalmar ba ta yanke ba, kuma a gaban mutanen da suka baro gidajensu tun yaƙin Sudan da ya fara 15 ga Afrilu 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Af, a ayar Shura ɗin Warshu na karanta bima kasabat ba fa'u, Hafs da Duri na karanta fabima. Mai ja wa almajirai baki a nan, inda ruwayoyin uku ke haɗuwa a masallaci ɗaya, ya kiyaye.

Tafinta, Bur Sudan: Allah ya saka. Saura wahala. Na ga an rubuta cewa daga wahla take, wato firgita.

Baffa, Damazin: Ɗana ni ban gamsu da wannan ba. Wahla mai ha'u babba firgita ce ta farat ɗaya, shi ya sa ake cewa li'awwali wahla, a kallon farko. Wahala kuwa ba farat ɗaya ba ce, abu ne mai ja. Akwai wahal mai ha'u ƙarami, taɓo. Duk wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif da Damazin daga Yuli zuwa Satumba ya san al'arabiyya wihlat, mota ta kafe. Ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, da rani ta tsage, da damina ta kumbura ta yi danƙo. Direba ya ƙara wuta, taya ta yi ta juyawa tana haƙa wa kanta rami har difiranshal ya zauna a ƙasa. Daga nan sai jak, a ɗaga, a cusa itace ko duwatsu, a rage iskar taya, ko a jira tarakta. Wannan ita ce wahala: kana ƙoƙari, ƙoƙarin na ƙara nutsar da kai. A Masar da Maroko ma wahla mai ha'u ƙarami na nufin shiga halin da ba mafita.

Ɗalibar harshe, Sinnar: Baffa ta fuskar ma'ana hujjarka ta fi ƙarfi, amma sauti ba zai raba gardamar ba. Hausa ba ta bambanta ha'u biyun, duka h ne: hukunci da hakika a baki ɗaya suke fita da halaka. Wasalin tsakiya kuma Hausa ce ta saka shi don ba ta son h da ɗauri: rahma ta zama rahama, bahs ya zama bahasi, lahn ya zama lahani. To ko wace wahla ce, wahala za ta bayar. Rubutun ajami ma ba ya zama alƙali, tunda ba shi da ƙa'ida ɗaya da kowa ya bi.

Malam Na-Madani: Ni ina tare da Baffa, amma a yi wa masu cewa firgita adalci. Ma'ana na iya tafiya daga tsoro zuwa abin da ya jawo tsoron. Hatsari daga khaɗar yake, wato kasada, amma yau in an ce an yi hatsari, karo ake nufi, abin ya riga ya faru. Sai dai a wahala babu ko ɓurɓushin tsoro da ya rage. Ba a cewa wahala ta kama shi yadda tsoro ke kama mutum. Shan ta ake yi, kamar yadda ake shan wuya, shan rana, shan kashi. Wato ta zo ta zauna a kujerar wuya ne, kalmarmu ta gado, har suna musayar wuri: aiki mai wuya, aiki mai wahala. Kuma ta yi jijiya sosai: ya wahala, ya wahalar da ni, wahalalle, wahalhalu. Daga Hausa ta wuce Yarabanci da Turancin Buroka, inda ta fi karkata ga rigima.

Hajiya Inna, Kasala: Musayar ba ko'ina ba ce Malam. Karin magana ta riƙe wuya: bayan wuya sai daɗi, wuya ba ta kisa. Gaisuwa kuma ta ɗauki wahala: sannu da wahala, ina wahala. Kuma a lura, wahala ba musiba ba ce. Wahala da hannunka a ciki, noma wahala ne, bin layin biredi wahala ne, naƙuda wahala ce, babu mai yi musu inna lillahi. Musiba saukowa take ba a tambaye ka ba. Tsakaninsu akwai tsautsayi, wanda ƙaramin abu ne da ya faɗo a ranar da ba a zata ba, shi ya sa aka ce ba ya wuce ranarsa. Yankan wuƙa a kicin tsautsayi ne. A kira shi bala'i, an cika baki.

Irin wannan matakin Larabcin mata a nan ma yana da shi. Sajami da ramadi, baƙin tukunya da toka, su ne "na shiga uku" tasu. Ba a fassara su da musiba.

Ɗan Kosti: Malamai ni tambayata kan annoba ce. Wani ya ce daga annauba take, wato abin da ke zagayowa bi da bi, dangin na'iba da nawa'ib.

Ɗalibar harshe, Sinnar: Kamannin akwai, amma ga yadda ake gwada irin wannan da'awa. Da farko a duba ma'ana a harshen da aka aro: nauba a Larabci juyi ne ko tashin ciwo, kamar nauba ƙalbiyya, ciwon zuciya na farat ɗaya. Cuta mai game gari kuwa alwaba'u ce, daidai da abin da annoba ke nufi. Sai a nemi sauran lafuzzan kalmar a karin harshe: akwai masu cewa alloba, kuma lamun ɗin nan ba zai fito daga annauba ba, amma zai fito daga al ta alwaba'u. Sai a tambaya ko sautin "wa" na komawa "o" a wata kalmar aro. Tana komawa: alwaƙt ne ya zama lokaci. In hujjoji uku sun taru a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma kamannin sauti kaɗai gare shi, an san inda za a bi. Yawancin kuskuren masu bin asalin kalma daga nan yake, a ji sauti ya yi kama a tsaya.

Malam Na-Madani: A ƙara da mataki na huɗu: a duba ko ta biyo ta wani harshe. Kasuwa daga suƙ take, amma ta Barno ta biyo, Kanuri ne suka sa mata "ka" a gaba. Wanda ya tsallake wannan zai ce ba Larabci ba ce sam.

Tafinta, Bur Sudan: To ga yadda na tsara, a duba mini. Waba'u: annoba. Karisa: bala'i ko iftila'i. Musiba: musiba. Isaba: musiba ta same shi. Musabun: waɗanda musiba ta sama.

Malam Na-Madani: Biyun ƙarshe ba su yi ba ɗana. Tushe ɗaya ne da musiba, amma a Larabcin asibiti isaba ba ta ɗauke da wannan nauyin. In cuta ce, kamuwa ce: "adadul isabat" shi ne yawan waɗanda suka kamu. In hatsari ne ko harbi, rauni ne: musabun su ne waɗanda suka jikkata ko suka ji rauni. In ka rubuta "waɗanda musiba ta sama", mai sauraro zai ɗauka sun mutu, alhali ana son a kawo su asibiti ne da wuri.

Hajiya Inna, Kasala: Kuma in kwalara ce, ka rubuta "amai da gudawa" kusa da ita, shi tsofaffi suka sani. Annoba ɓarkewa take yi, bala'i sauka yake, musiba aukuwa take ko ta sami mutum, wahala kuma a sha ta. In ka haɗa suna da aikatau ɗin da ba nasa ba, ko kalmar daidai ce za a ji Larabci a ƙarƙashinta. Iftila'i ka bar wa 'yan rediyo, a unguwa ka ce ambaliya ko gobara kai tsaye, ka faɗi abin da sunansa.

Alaramma, Gadarif: In sanarwar za ta rufe da addu'a ga waɗanda suka yi rashi, ta Ummu Salama da ke cikin Muslim ita ce ta wurin: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Fassararta: ya Allah ka ba ni lada a kan musibata, ka mayar mini da abin da ya fi ta. A rubuta "musibata" da u da b. Masu buga takarda sukan gyara ta zuwa "masifata" suna ganin sun Hausantar, sai a karanta kafin a kai injin bugawa.

Tafinta, Bur Sudan: Na gyara: "waɗanda suka kamu da amai da gudawa a kai su cibiyar lafiya mafi kusa, a riƙa ba su ruwan gishiri da sukari a hanya." Karisa ɗin da ke sakin layi na biyu kan ruwan kogin Gash na Kasala ne, na mayar da ita ambaliya. Hajiya ki duba mini sakin layi na uku, akwai kalmar mankubin, ina tsakanin "waɗanda abin ya shafa" da "waɗanda suka yi asara".

Hajiya Inna, Kasala: In rabon kayan agaji ne, sa "waɗanda abin ya shafa". In ka ce asara, wanda gidansa bai faɗi ba amma ruwa ya kore shi zai ɗauka ba da shi ake ba, ba zai zo ba.